Taya Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da yajin aikinmu na direbobin taksi ba, don ni na gina ramin, ni na faɗa ciki.

Tsadar takardun mota ta ishe mu, ƙungiyarmu ta direbobi, wato sandika, ta kira taro. Ni kuwa ina neman kujerar wakilin direbobin unguwar Kirkissoye, zaɓe saura mako guda. Na miƙe na cika baki: "Kamarad, duk wanda ya fito gobe, a tsare shi a bakin gada a sace masa iskar taya huɗu!" Aka yi ta tafi. (Har wani ya naɗi muryata a waya, ni ina jin daɗi.)

Da safe sai ga surukata, Hajiya Rabi, ta ci kwalliya za ta suna unguwar Kalley. Wa ke ce wa suruka a'a? Na naɗa rawani na rufe fuska, muka kama hanya. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma na ga mutane cirko-cirko a bakin titi, kwaɗayi ya ce mini kujeru uku ba kowa. Na cika su.

A bakin gada masu yajin suka tare mu. Baba Hamani, sakataren sandika, ya leƙo. Na ƙi yin magana, sai tari nake yi. Shi kuwa bai ko dubi rawanin ba, ƙofar motata da ke ɗaure da igiya ya duba. Duk Yamai ta san ƙofar nan.

Ya ciro waya ya kunna, muryata ta cika gada: "Taya huɗu!"

Hajiya ta juyo a hankali. "Wannan ba muryarka ba ce?"

Na ce, "Ita ce, Inna."

"To sauka ka cika alkawari."

Ni da hannuna na tsuguna na sace iskar, ɗaya bayan ɗaya, fasinjoji na kallo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya kuwa babur suka samo mata, har da "A sauka lafiya, Inna."

Yajin ya yi nasara, an rage kuɗin takardu, har da nawa, ni da na so ɓata shi. Wannan ya fi komai ba ni kunya. Zaɓe kuwa ƙuri'a ɗaya na samu, kuma na san mai ita.

Har yau Taya Huɗu ake ce mini. Yanzu in an zo kafa doka a taro, sai na tuna ina da suruka kafin in ɗaga hannu.