Kwamin da Farfesa Bai Taɓa Ba

Shekara talatin Farfesa Mamuda ya yi yana koyar da noman kayan lambu a jami'a. Ya rubuta littafi uku a kan tumatir kaɗai, ya je ƙasashe bakwai ya yi bayanin yadda ake shayar da shi, har akwai wani tsarin zuba taki da ya laƙaba wa sunansa. Abin da ke ci masa rai ɗaya ne: manoman fadamar da ke bayan katangar jami'ar ko sau ɗaya ba su taɓa zuwa neman shawararsa ba. Mutum da digiri huɗu, a ce ko sannu da aiki babu!

Da shugaban jami'a ya ce sai manoma sun yaba tsarin kafin a ba shi babban filin gwaji, sai Farfesa ya shirya taron gani da ido. Ya yi kwami huɗu na tumatir. Uku ya bi su da tsarinsa, kullum yana kansu da ma'auni da littafi, yana tone saiwa yana dubawa. Na huɗun kuwa, kamar yadda masu bincike ke yi don kwatance, ruwa kawai ake ba shi.

Ranar taro ya sha babbar riga, ya sa shugaba a gefensa, ya kira Baba Cindo, dattijon masu lambun fadama.

"Baba, zagaya da kyau. Nuna wa shugaba wanda ya fi, kada ka ji kunyar kowa."

Baba Cindo ya zagaya, hannu a baya. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, ya ɗan leƙa na uku ya yi gaba. A na huɗu ya durƙusa, ya ɗaga ganye, ga 'ya'ya jajur sun yi nauyi har suna taɓa ƙasa.

"Kai, Farfesa, Allah ya ƙara ilimi! Wannan ai ko ni sai in yi da gaske. Me ka sa masa?"

Farfesa ya gyara hula, ya yi tari, ya saci kallon shugaba.

"A'a, Baba, bar wannan, ba ya cikin lissafi. Na kwatance ne. Ban sa masa komai ba, ko taɓa shi ban yi ba."

"Ko taɓawa?"

"Ko taɓawa. Dawo nan ka ga aikin shekara talatin."

Baba Cindo ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya sake duban kwamin.

"Ai na gani, ranka ya daɗe. Don Allah gobe ka zo lambuna ka yi mini irin wannan aikin, ka tsaya daga bakin shinge."