Ranar da Nalado Ya Yi Shirin Sahara

A unguwarmu akwai wani mutum, Nalado, wanda in aka ɗauko hirar tafiya to kowa sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Sahara, a faɗarsa, tsakar gidansu ce. Ya ce ya taɓa soya ƙwai a kan goshinsa a hanyar Agadas. Ya ce akwai raƙumin da ya ɓata, shi ya nuna masa hanyar gida. Mu dai a iya saninmu bai taɓa wuce Jibiya ba, amma wa ke da bakin ja da shi?

Rannan sai ga Alhaji Barmo, mai fataucin dabino, yana neman wanda ya san hamada ya raka motar kayansa zuwa Bilma. Aiki ne mai tsoka, Nalado kuwa ya daɗe yana zaman kashe wando. Nan take ya buga ƙirji.

"Alhaji, ka daina wahalar nema. Ni rana ce ke tsorona."

"To madalla. Haɗa kayanka, gobe da hantsi mu haɗu a tasha."

Da ya koma gida ya zauna yana tunani, don bai san me ake sawa a can ba. Can sai ya tuna Buzayen da yake gani a kasuwa, rana na ƙuna, su suna naɗe cikin riga da rawani, ko gezau. Ya ce ashe sirrin ke nan, yawan tufafi ne ke kawo sanyi. In riga biyu na sanyaya Buzu, ai wanda ya jibga goma firji ya shiga.

Ya bi gida-gida yana aro, yana ce wa kowa ɗaurin aure za shi.

Washegari muka je rakiya. Sai ga wani abu ya nufo tasha, tinƙis-tinƙis, kamar buhun auduga da aka yi wa ƙafafu. Kaftani kan kaftani, babbar riga, rigar sanyi ta gwanjo, sannan rigar ruwa daga sama, wai don kada sanyin ya tsere. Hannuwa sun ƙi sauka. Rawani ya cinye kan, sai idanu.

Alhaji ya zagaya shi. "Nalado, kai ne a ciki?"

"Ni ne, Alhaji." Muryar kamar daga rijiya.

"Ina jakarka?"

"Ai ni ne jakar. Ɗan Sahara ba ya ɗaukar kaya, sawa yake."

"Ba ka jin zafi?"

"Zafi? Ɗari ma nake ji."

Gumi kuwa na zuba ta ƙafar wando, tsul-tsul, har agwagin tasha suka fara bin sawunsa.

Hawa mota ya gagara, don gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. 'Yan dako suka zarga masa igiya, suka ja shi sama kamar katifa. Direba ya tafi cin tuwo. Rana ta take. Nalado na bisa kaya yana koya wa fasinjoji yadda ake gane gabas da warin iska, sai muka ga ya yi luuu, ya mirgino, tim, a kan wani tarin yashi. Sai da ya yi tsalle sau biyu kamar ƙwallo. Ko ƙwarzane babu.

Aka hau ɓare shi kamar albasa.

Ilu tela ya ce, "Af, wannan ai shaddata ce."

Ladan ya ce, "Rawanina na Juma'a. To ina ɗaurin auren?"

Wani ɗan acaɓa ya fizge rigar ruwansa. Kowa ya zare tasa, mutum yana ta raguwa, har aka iske ainihin Nalado a can ciki, siriri kamar tsinken tsire, daga shi sai gajeren wando. Aka sheƙa masa bokitin ruwa.

Ya buɗe ido. Ya ga rana a sama, ya ga yashi a ƙasa. Sai ya gyara zama, ya ɗebi yashin, ya shinshina, ya lasa, ya kaɗa kai.

"Alhamdu lillahi. Alhaji, tsakiyar hamadar Tenere ke nan. Daga ɗanɗanon nan na san rijiya ba nisa. Kada kowa ya tsorata, ku biyo bayana."

Alhaji ya dube shi, ya dubi direba da ya dawo daga cin tuwo, ya ce a ja mota, a bar shi.

Sannan ya juyo ya ce, "Nalado, ko injin ba a tayar ba. Wannan da kake lasa, yashin ginin masai na tasha ne."