Ranar da Na Kai Wa Razana Shaidu

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki shaidu don su ceci na'urata daga hannun jikata ba.

Ni manomin shinkafa ne a bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Bokona a aji uku ya tsaya (malamin ne ya gaji, ba ni ba), amma kan nan akwai dabara. Da jan-baki suka ishe ni, tsuntsayen nan masu sauka gona kamar an gayyace su biki, sai na samo faifan sola da tsohuwar lasifika, na sa aka ɗauki muryata ina ihun "Ku tashi, ɓarayi!" Na kafa ta a tsakiyar gona, na raɗa mata suna Razana.

Jikata Binta, mai karatu a Kano, ita ta ba ni labarin wani kundin sani a intanet da ake rubuta duk abu mai muhimmanci da Hausa, wai tana cikin masu gyara shi. Na ce to a sa Razana. Ta ce, "Angona, can ba a talla."

Ranar kasuwar Bunkure na zagaye Binta, na je wurin mai cajin waya ya buɗe wa Razana shafi a kundin. Ina faɗa yana rubutawa: ba a taɓa ƙera irinta ba, tsuntsun da ya ji ta sai ya yi hijira zuwa Kamaru, mai bukata ya zo bakin kanal ya tambaye ni. Da yamma na sanar a majalisa cewa na shiga intanet. Ɗan'azumi, abokina tun na yarinta, wanda ko sallama na yi sai ya nemi hujja, ya ce mu dai gani.

Ba a jima ba aka manna wa shafin sanarwar cewa za a goge shi. Wa ya manna? Binta. Na ce, "Ke da na tauna wa dabino ranar sunanki?" Ta ce, "Tsoho, ƙa'ida ce. Sai wanda ba shi da alaƙa da kai ya tabbatar da abin, kamar jarida ko rediyo." Ni kuwa ban tsaya jin ƙarshen ba. Ai haka muke yi in an yi rikicin iyakar gona: ka kawo mutanen da ba danginka ba su yi magana a gaban mai gari, a tashi.

Ranar Asabar suna da taron koyar da sababbin masu gyara a wata makaranta a Kura. Na saka babbar riga, na ɗauko Ɗan'azumi da Malam Buba, makiyayin da ke bi ta gefen gonata, muka cika adaidaita. Muna shiga na ga shafina ɓaro-ɓaro a jikin bango, ashe da shi ake misalin abin da ba a so. Wata malama tana karanta wurin hijira zuwa Kamaru, aji na ta dariya. (Mai hankali da nan ya juya. Ni gaba na yi.)

Na ce, "Ni ne mai Razana, ga shaiduna, ba mu haɗa ko kaka ba."

Binta ta rufe fuska da mayafi. Malamar ta danne dariya ta ce, "Bismillah, Baba, mu ji."

Malam Buba ya gyara sanda ya ce, "Tsakani da Allah tana aiki. Shanuna sun daina bi ta wurin, har matata ta canja hanyar tallan nono."

"Tsuntsayen fa?"

"A'a, su kam sun saba."

Na juya wurin Ɗan'azumi ina ƙifta masa ido. Mutumin nan ya zaro waya ya ce shi ba ya magana sai da hujja. Aka haska hoton a bango: jan-baki sun jeru a kan faifan sola, wani ƙato ya hau lasifikar yana gyaran fiffike, ni kuma muryata na cikinta tana ta ihu. Ajin ya kife da dariya. Na nemi inda zan sa fuskata, hular ma ta yi min kaɗan, ƙarshe ni ma na bi su muka yi ta yi har da hawaye.

A gabana aka goge shafin. Amma Binta ta roƙi Ɗan'azumi hoton, ta sa a shafin da ke bayanin jan-baki, aka rubuta a ƙasa: "Jan-baki suna hutawa a wata gonar shinkafa kusa da Bunkure."

Don haka har gobe Razana tana intanet, ina kuma faɗa a majalisa, sai dai ba na cewa a matsayin me. Abin da na koya shi ne, in za ka kai shaida, tun a gida ka tambaye shi me ya gani. In kuma yana da waya mai hoto, bar shi a gida.