Jiƙon Bature a Ma'adi

Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, amma wadda ba zan taɓa mantawa ba ita ce ta jiƙon maigidana.

Shekara goma sha ɗaya ina kuku a gidan wani Ba'amurke a Ma'adi, unguwar masu hali a can ƙasar Larabawa. Boko ban yi ba, allo ma ban kai ko'ina ba, amma ɗalibanmu Hausawa na unguwar Hay el-Sabi' Baba Likita suke ce mini, don na san saiwoyi da sassaƙe. Sunan nan na fi son shi da albashina.

Maigidan yana da wata kwalba marar rubutu, ruwan cikinta ja-ja. Bayan abincin rana sai ya tsiyaya kamar cokali biyu, ya shinshina, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya rufe. Ni kuwa mashayan da na sani a gida kwalba-kwalba suke ɗagawa, don haka giya ba ta zo mini a rai ba. Na tambaye shi. Da gurguwar Larabcinsa ya ce daga ƙasarsu ne, shekaru ya yi cikin gangar itacen da aka babbaka, sannan aka juye shi a gangar wani itacen ya yi watanni. Na ce a raina, khalas, shi ke nan, jiƙo ne! Itace biyu ma!

Na ɗan ɗiba a gorar ruwa (sata ce, amma a lokacin bincike na kira ta). Kurɓar farko sai da na riƙe bango. Wuta tun daga maƙogwaro har cibiya, bayanta ƙamshin dabino da zuma da ɗan hayaƙi. Ciwon bayana ya lafa, har na yini ina yi wa tukwane waƙa. Sati guda ina shan cokali biyu.

Ran Juma'a na ɗauki gorar sai gidan Malam Sani, babban ɗalibin da ke ja mana salla, shi ma baya ya dame shi. Ɗaki cike da ɗalibai. Na gyara zama na ce, "Malam, na samo maka na Amurka. Sati guda ina gwada shi a jikina, tamam, ba shi da wasa!"

Malam ya yi bisimilla, ya kai kofi baki. Sai Isufu, wani ɗan Nijar da ya taɓa aikin otal a Yamai, ya cafke hannunsa. Ya shinshina.

"Baba Likita, wannan ai wiski ne. Mai tsada ma."

Malam ya ajiye kofin. Can wani ya ce, "Ashe shi ya sa Baba ya yi fara'a satin nan." Dariya ta ɓarke, ni kuwa ina neman ƙasa ta tsage.

Sunan dai bai ƙwace ba, har yau suna zuwa karɓar sassaƙe, sai dai kowa ya shinshina tukuna. Ni ma na koyi cewa ba duk abin da aka jiƙa da itace ne magani ba.

A ranar dai, da Malam ya rako ni bakin titi, ya dafa kafaɗata.

"Ma'alish, ba komai Baba, wanda ya sha bisa rashin sani ba shi da laifi. Amma tsakaninka da Allah, a kwana na nawa ka fara zargi?"