Ƙunshin Tsutsar Inna Hure

"Lafiya lau, amarya. Ya tsufa?"

"Tsufa yana gaishe ka, mijin rumfa. Ashe kana raye? Ni har na fara shirin takaba."

Haka Inna Hure ta amsa gaisuwar jikanta Muntaka, wata Talata da hantsi, a rumfata. Ni ne Sama'ilu mai faci, a bakin titin da ya fito daga ƙauyenmu ya nufi Dawanau. Muntaka malamin gona ne, ma'aikacin gwamnati, amma kusan shekara guda ke nan bencina ne ofishinsa. Ƙarfe takwas zai je ya sa hannu a rajista, kafin tara ya iso wurina, ya zauna yana latsa waya har azahar. Ban taɓa korarsa ba, domin na san shi tun yana zagaya gonaki a ƙafa, kafin zuciyarsa ta mutu.

Tsohuwar ta sauke kujerarta 'yar tsugunno daga ka. Ba ta zuwa ko'ina sai da ita saboda ciwon gwiwa, in ta yi 'yar tafiya sai ta ajiye ta huta. Ta zauna, ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"Sau uku ina zuwa ofishinku. Ran farko akuya na tarar a ciki. Na gaishe ta, wallahi ta fi ka iya amsa gaisuwa."

"Ai ita ce mataimakiyar shugaba. Ta riga ni samun ƙarin girma, don ba ta fashin zuwa aiki."

"Rana ta biyu maigadi ya shanya kuɓewa a kan tebur."

"Kin ga amfanin gona ke nan. Sannan a ce ba ma aiki? Ke me kika je nema ma, saki?"

"Saki mana. Zaman me zan yi da mijin da ko gonar matarsa bai iya leƙawa?"

"In na sake ki wa zai kwasa? Haƙori uku, gwiwa ɗaya."

"Haƙoran nan uku kullum suna bakin aiki. Ku bakwai ne a ofishin nan, nuna min wanda ya kai su."

Na yi dariya har na kusa soke yatsana. Muntaka ma ya dara, amma iya leɓe. Daga nan ya fara zayyana mata abin da ni na haddace tuni. Damina biyu ke nan da iska ta yaye rabin kwanon ofishin, in hadari ya haɗo kowa sai ya kwashi takalmi ya ruga masallaci. Su bakwai, kujera ɗaya, ita ma ta shugaba ce, wanda yake zaune a birni sai ƙarshen wata yake leƙowa. Babur ɗin zagayen gonaki yana jingine ba taya, kaza har ta yi ƙyanƙyasa a ƙarƙashinsa. Banɗaki ya rufta, shi ya sa Asama'u, mace ɗaya tilo a cikinsu, take ƙin shan ruwa tun safe, har ta gaji ta koma zuwa sau ɗaya a mako. Sun rubuta koke ya fi a ƙirga, amsar ba ta taɓa canjawa ba: ana dubawa.

Gaskiya abin yana ɓata min rai. Ni da nake faci a rana na fi su daraja, ko ba komai famfona yana aiki, kuma ba wanda ya taɓa ce min in ba taya iska da baki.

Inna Hure ta saurara har ya gama, tana kaɗa ƙafa.

"Allah sarki mijina. Sai ka ce amaryar da aka kai ɗaki ba gado. To share hawayenka, ga tsaraba na kawo maka."

"Ke da ko goro sai kin ɓoye a haɓar zane? Yau kuma wa ya mutu?"

"Wakena."

Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani ƙunshin takarda. Ta ce tunda a gida ba ya sauraron zancen gona, a hannu ta riƙo abin har ofis, sai maigadi ya ga tana fama, ya zaro mata takarda daga tulin da ke zube a ƙasa ya ce ta ƙunshe. Muntaka ya warware. Furen wake ne ya yi baƙi ya lanƙwashe, da 'yan kwanson da aka huhhuda, ga tsutsa tana motsi a ciki. Waken nan kuwa ba na wasa ba ne. Gayaunarta ce guda ɗaya da marigayi mijinta ya bar mata, da ita take ci daga kaka zuwa kaka, don ta rantse ba za ta zauna jiran kwanon kowa ba.

Na ga hannun Muntaka ya tuna aikinsa tun kafin shi ya tuna. Ya fasa kwanso da farce, ya juya tsutsar, ya fara bayani. Sai kuma ya katse bayanin. Ba tsutsar yake kallo ba yanzu, takardar yake kallo.

"Mene ne? Ta cije ka?" in ji tsohuwar.

"Rubutuna ne."

Ya karkaɗe furen a kan bencina, ya shimfiɗa takardar a cinyarsa. Ruwa ya ɓata gefe guda, gara ta cinye kusurwa. Rahoton da ya rubuta bara ne, bayan ya ga irin wannan tsutsa a gonakin wajen Ungogo. Ya ce a tsaye ya rubuta shi, a kan dakalin taga, shafi huɗu. Ya juya bayanta yana neman hatimi ko sa hannun wani, ko da ɗigon biro da zai nuna ido ya taɓa sauka a kai. Babu komai.

Tsohuwar ta tashi da ƙyar, ta tura masa kujerar da ƙafa.

"Zauna a nan ka karanta min. Ni boko ban sani ba, amma yau ni ce shugaba."

Ƙato da shi ya durƙusa a kan kujerar mata, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Yana karantawa da Turanci yana mayar mata da Hausa. Takardar ta ce tsutsar tana tafe, kuma a sanar da manoma su yi feshi da zarar wake ya fara fure, domin in ta riga ta shige kwanso magani ba ya kai mata.

"Maimaita wurin nan."

"Da zarar ya fara fure."

"Wakena yau sati uku da fara fure."

Wani mai A Daidaita Sahu ya tsaya neman iska, na yi masa nuni ya wuce gaba.

"Tun bara ka san wannan," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Tsakanin ɗakinka da nawa katanga ɗaya ce, in ka yi tari ina ji. Ka zauna ka rubuta wa mutumin da ba ya cin wakena, ni kuwa ko ta kan katanga ba ka leƙo ka faɗa min ba."

"Inna, sun kashe min zuciya." Rabon da in ji ya kira ta Inna har na manta.

"Na ji. Sun zalunce ka, Allah ya isar maka. Amma su suka hana ka kujera, sai ka rama a kan gayaunata?"

Ya sunkuyar da kai. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, ban san wanda ya fi yawa ba. Can ya tambaye ta ko gefen kwari, inda ta yi shuka daga baya, ya gama fure. Ta ce yanzu yake farawa. Ya ce in aka yi feshi yau da la'asar, za a iya tsira da kashi ɗaya cikin uku. Sauran kam sai dai harawa.

"Ɗaya cikin uku," ta maimaita, kamar tana auna shi a kwano. Ta gyara mayafi. "To, daidai da haƙorana. Tashi mu je. Kujerar kuma na bar maka."

"Ni? In kai ta ina?"

"Kada ka kai ofis, akuya za ta gaje ta. Ka riƙa dasa ta a bakin gonakin mutane. Wanda duk ya zo, ka faɗa masa da baki."

"Ke fa da gwiwarki?"

"In na gaji ka goya ni. Ba kai ne mijin ba?"

Sai a lokacin dariya ta ƙwace masa, ta gaske, idonsa jawur.

"Kin ci, amarya. Na fasa sakin."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ɗora kujerar a ka yadda take yi, ya kama hanyar kwari da sauri. Ita kuwa tana biye a baya, tana ɗingishi ba wurin hutawa.

"Yi a hankali, malam," in ji ta. "Ofis ka ɗauko."