Malam Bari-in-duba da Littafinsa

A duk kamfanin, daga mai gadi har babban manaja, babu wanda ya san darajar lokaci kamar mataimakin shugaban sashen fayil. Sauran mutane karɓar rayuwa suke yi yadda ta zo. Shi tsara ta yake yi. Tun da aka tura shi wata bita a otal ya dawo da takardar shaida da littafin tsare-tsare mai baƙin bango, ko tafiyarsa ta canza. Littafi a hammata, biro uku a aljihun gaba: baƙi na abin da za a yi, ja na abin gaggawa, kore na abin da aka kammala. Baƙin da jan ana sake su kowane wata. Koren kuwa, don tsabar kulawa, yana nan da tawadarsa kamar yau aka saye shi.

Ko gaisuwa ka yi masa ka ce yaya aiki, sai ya ce bari ya duba. Daga nan sunan ya bi shi, har ma'aikata suka manta na yankansa. Da ya ji ana kiransa Malam Bari-in-duba bai yi fushi ba, ya ɗauka lambar girma ce.

Aikinsa abin koyi ne. Da safe yakan rufe ƙofa ya tsara yininsa, layi bayan layi, da rula. Kafin ya gama tsarin, lokacin cin abinci ya yi. Da ya dawo sai ya zauna ya ja wa kowane layi kibiya zuwa shafin gobe, ya tashi a gajiye kamar wanda ya yi dako. Fayil ɗin da manaja ya nema tun farkon shekara ya zaga littafin shafi-shafi da jan biro, bai taɓa ɓata ba, bai kuma taɓa isa teburin manaja ba.

"Bambancina da ku," yakan gaya wa ƙananan ma'aikata, "shi ne ku gobe ke zo muku ba sallama. Ni kuwa sai ta nemi izini."

Gida ma bai bar shi cikin duhu ba. Ya ware wa matarsa yammacin Alhamis, ƙarƙashin kanun Al'amuran Iyali, ta kawo duk ƙorafinta a lokaci guda. Famfon kicin ya fara yoyo ranar Juma'a, don haka ya jira kusan mako da bokiti a ƙarƙashinsa. Da Alhamis ta zo aka saurare shi da kyau, aka ja masa kibiya. Ita matar mai haƙuri ce, ga tsohon ciki, sai ta daina kai ƙara ta koma sauya bokiti. Ranar da likita ya faɗi lokacin da ake sa ran haihuwa, Malam ya rubuta shi da manyan baƙaƙe, ya zana masa akwati, ya sanar da ita cewa yana sa ran samun cikakken haɗin kai daga ɓangarenta.

Babban burinsa shi ne ya ilimantar da kamfanin gaba ɗaya. Ya yi ta bin manaja har ya gaji ya ba shi ɗakin taro ya gabatar da lacca mai taken Yadda Za Ka Mallaki Lokacinka. Ya zaɓi ranar da ta rage saura makonni a kai ga akwatin ranar haihuwar nan, don kada abubuwa biyu su yi karo. Ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka. A bakin ƙofa ya ajiye kwali, ya ce kowa ya kashe wayarsa ya jefa ciki, shi ya fara don ya nuna misali.

"Ku dubi wannan," ya ɗaga littafin sama. "Wasu na ganin takarda. Ni ina ganin linzami. Babu abin da zai same ni a shekarar nan wanda ban riga na ba shi shafi ba."

Yana cikin bayanin amfanin rula sai sakatariya ta leƙo tana yi masa alama da hannu. Ya ɗaga tafi ya ce tambayoyi sai a ƙarshe. Ta koma, ta sake dawowa, ya yi mata kallon da ake yi wa marasa tsari. Sai ta samu kujera a baya ta zauna, tun da haka ya so. Ya yi magana har masu gyangyaɗi suka farka don kansu. Da ya buɗe fagen tambaya, hannunta kaɗai ne a sama.

"Yallaɓai, ba tambaya ba ce. Surukarka ce take ta bugo wayar ofis. Matarka na asibiti tun ɗazu, naƙuda ce."

Malam ya lashi yatsa, ya buɗe littafi, ya bi shafin yau daga sama har ƙasa.

"Ba yau ba ne," in ji shi.

Kafin ya isa asibiti an gama komai ba tare da tuntuɓarsa ba. Maƙwabciya ce ta tare mota ta kai ta. An samu 'ya mace, uwa da 'ya lafiya. A bakin ɗaki nas ta tare shi ta tambayi jakar kayan jariri, ta ce tun safe suke jiranta, matarsa ta ce maigida ne ya ɗauki nauyin sayen kayan. Ya ce lallai kuwa, maganar tana rubuce. Ya nuna mata layin da jan biro, ya bi kibiya da yatsa daga wannan mako zuwa wancan, nas na biye da shi, har suka iske sayen kayan jariri zaune lafiya a wata mai zuwa. Nas ta dube shi, ta dubi kwat ɗin, ta wuce.

Ya shiga a sanyaye. Jaririyar na naɗe cikin tawul ɗin aro na matar gadon kusa, ta dunƙule hannu kamar mai shirin rigima. Ya tsaya a bakin gadon yana kallonta. Matarsa ta dube shi. Sai hannunsa ya tafi inda ya saba. Ya buɗe littafi yana tunanin yadda zai rubuta cewa an kammala wannan aiki kafin wa'adi.

Daidai nan wuta ta ɗauke, fankar sama ta yi juyi biyu ta tsaya. Zafi ya rufe ɗakin, gumi ya karyo wa mai jego. Surukarsa ta waiga hagu da dama ba ta ga abin fifita ba. Ta miƙa hannu ta zare littafin daga hannunsa, ta rufe shi, ta shiga yi wa 'yarta fifita da shi. Mai jego ta lumshe ido ta sauke ajiyar zuciya.

"Mama, ai wannan littafin..."

"Na gani, ɗan nan," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Ashe yana da amfani. Bangonsa da ƙwari, yana ba da iska. In hannuna ya gaji sai ka karɓa."