Rasuwar Ma'aunin Zafin Malam Siddiq a Butar Shayi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da ya rage masa, Malam Siddiq na Ƙofar Marusa yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar ma'aunin zafin jikinsa. Ajali ya riske shi ranar Talata da hantsi a teburin Sani mai shayi, a gaban shaidu masu yawa da ba su amfana masa komai ba.

Marigayin siriri ne, na gilashi, mai zaiba a ciki. Ya zo gidan ne daga hannun Sista Kande, ma'aikaciyar jinya da ta yi haya a unguwar kafin ta koma Filato. Tun daga nan babu hammatar yaro a layin da bai shiga ba. Bai taɓa neman batir ba, bai taɓa jiran a kawo wuta ba, bai kuma taɓa rage wa kowa zazzaɓi don ganin ido ba. Aibinsa ɗaya, in aibi ne: da Faranhait kaɗai yake lissafi, alhali asibiti da rediyo da Salshiyas suke. Wannan bai dami Malam Siddiq ba. Ya riƙe abin da Sista ta koya masa: casa'in da takwas da ɗoriya lafiya ce, in aka haura ɗari a nemi asibiti.

Ciwon ajalin gajere ne. Ramla maƙwabciyarsa ta kawo 'yarta Nafisa, jiki kamar garwashi. Marigayin ya nuna ɗari da biyu. Malam Siddiq ya fito da shi a hannu, ya iske uban yarinyar, Aminu, a teburin shayi, ya ce ya tashi a tafi asibiti. Sai Sani, wanda ya taɓa jin wani shirin kimiyya a rediyo kuma har yau bai warke ba, ya ajiye ludayi.

"Malam, ɗari da biyu? Ruwan butata a ɗari yake tahwasa. In gaskiya ne, ai da ɗiyar nan ta dahu."

Majalisa ta yi dariya. Aminu, wanda dama hujja yake nema, ya koma ya zauna.

Sani ya ce a gwada: a tsoma shi a buta, in ya nuna ɗari mai gaskiya ne. Malam Siddiq ya duba, ya ga lambobin marigayin sun kai ɗari da goma, ya ga akwai sarari. An ƙaryata amininsa a bainar jama'a, don haka ya miƙa shi, Sani ya tsoma shi a buta. Marigayin, wanda bai taɓa ɗaga murya ba a rayuwarsa, ya ce "tas", ya cika. Majalisa ta yanke hukunci nan take cewa dama jabu ne.

Ramla ba ta tsaya ganin gwaji ba. Ta goya 'yarta ta tari keke. Ma'aunin asibiti ya nuna talatin da takwas da ɗigo tara, aka kwantar da Nafisa, aka sa mata ruwa. Tana samun sauƙi.

Don amfanin majalisa: a cire talatin da biyu daga ɗari da biyu, a ninka saura sau biyar, a raba gida tara. Talatin da takwas da ɗigo tara ke nan. Marigayin da asibiti magana ɗaya suka yi. Ruwan da ke tafasa a ɗari na Salshiyas kuwa, a lissafin marigayin ɗari biyu da goma sha biyu ne, kusan ninki biyu na iyakarsa.

Ya rasu ya bar kubensa na roba, da ƙullin auduga, da rabin kwalbar sifirit, da yaran layi guda waɗanda yanzu da bayan hannu za a riƙa auna su.

Za a binne shi gobe bayan la'asar a kangon bayan gida, nesa da rijiya. Tunda zaibarsa guba ce kuma ta watsu a cikin butar, tare da butar za a rufe shi. An ƙi amincewa da roƙon Sani na a tace ruwan da rariya a ci gaba da sayarwa. Aminu ne zai haƙa ramin. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidan Malam Siddiq. Mai son shayi ya sha a gidansu kafin ya zo.